Babban Yatsan Bahago

Duk wanda ya san Injiniya Lado ya san shi da hannun hagu a aljihu. Ko yana tsaye a bakin gini, ko yana zaune a ofishinsa na unguwar Kongo, ko yana gaisawa da jama'a a ƙofar masallaci, hannun nan yana ciki kamar mai ɓoyon goro kada a roƙe shi. Wasu sun ce gadarar boko ce, wasu sun ce ciwo yake ɓoyewa. Duk ba su canka ba. Mai son sanin dalili sai ya shiga cikin birni, ya bi lungunan unguwar Kwarbai har gidan da aka haife shi.

Mahaifinsa, Malam Bahago, maginin ƙasa ne irin na da, masu ɗaga baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, su rufa soro da azara ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Sai dai Allah ya yi shi da wata ɗabi'a da ta fi zagi ciwo: ba ya gyara wa mutum aiki da baki. Yakan bari sai rana ta take, ma'aikata sun watse sun tafi sallar azahar da neman abin taɓawa, sannan ya yi gyaran murya ya zaga ginin shi kaɗai. Inda bai gamsu ba sai ya danna babban yatsansa na hagu cikin ɗanyen yaɓe, ya wuce abinsa. Shaidar ba ta ɓuya, domin gizago ya taɓa tsaga yatsan tun yana saurayi, don haka takan fito da layi a tsakiya. Wanda ya dawo ya tarar da yatsa a aikinsa ya san hukuncin, rushewa zai yi ya sake. Me ya ɓaci? Oho. Ba a tambaya, shi kuma ba ya faɗa.

An ce akwai shaida ta biyu, wai idan aiki ya kai yadda yake so yakan kafa tafin hannu gaba ɗaya. Lado dai labarinta kawai ya ji. Har tsohon ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ganin ta a bangon kowa ba, balle nasa.

Yatsan nan ne ya kori Bala, yayan Lado, daga sana'ar gidansu. Bango ɗaya ya yi ta tayarwa yana rushewa, kullum ya dawo daga masallaci sai ya tarar da yatsa, har ranar da ya wanke hannunsa ya hau mota zuwa Kaduna. Can yake sayar da kayan gyaran mota, ya yi furfura, kuma har gobe bai san laifin bangon nan ba.

Shi ma Lado bahago aka haife shi. Da uwarsa Mariyamu ta ga yana kai hagu cikin akushi sai ta nemo tsumma ta ɗaure hannun a jikinsa, tana cewa, “Bahago ɗaya ya ishi gida.” Haka ya koyi ci da rubutu da dama, har ya manta an taɓa ɗaure shi. Ya yi karatun injiniya a jami'ar Samaru, ya yi shekaru a ma'aikatar ayyuka, daga baya ya buɗe ɗan kamfaninsa, ya ɗebi matasa. Ranar da suka dawo daga binne tsohon ya yi wa kansa alkawari cewa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ba zai taɓa sa masa hannu a aiki ba.

Alkawari mai kyau ne, amma Lado ya zuba masa gishiri har ya yi yawa. Yaro ya kawo zane ya ce, “Oga, ya ka gani?” sai ya ce, “Ku kuka san aikinku.” A yi gardama a gabansa, ya zuba ido kamar baƙo. Yana ganin adalci yake yi, har yakan yi alfahari da shi a cikin abokai, cewa shi yaransa ba sa tsoronsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin yaran ba su san ranar da ya ji daɗin aikinsu ba, ba su san ranar da ransa ya ɓaci ba.

Ana nan, wata bazara, soron da Malam Bahago ya gina a cikin gida ya tsage daga wuyan bango. Mai kwana a cikinsa Gwaggo Asama'u ce, ƙanwar marigayin, ita kaɗai ta rage cikin manya, ga yanar ido ta kama ta sai dishi-dishi take gani. Da ƙyar aka lallashe ta ta koma wani ɗan ɗaki na kwano kafin a gama gyara, shi ma da sharaɗi.

“Ka ji ni da kyau, Lado,” ta ce. “Ranar da ruwan farko ya sauka, a sorona zan kwana, an gama ko ba a gama ba. Wannan akurkin yoyo yake yi. A can Yaya ya ajiye ni, a can za a wanke ni.”

Wanda ya san Gwaggo ya san ba ta magana biyu. Saboda haka duk abin da aka ɗora a kan soron nan, a kan tsohuwa aka ɗora shi.

Lado ya damƙa aikin ga mutum biyu da ya fi yarda da su: Umaima, 'yar unguwar Gyallesu, wadda ke lissafin nauyi da ƙarfin gini, da Haisam, mai kula da leburori. Suka auna, suka yi shawara, suka kawo masa abu biyu. Na farko, Umaima ta ce za ta yi wa soron ɗamara ta ƙarfe, ta zagaye wuyan bangon da ita ta ciki don kada ya ƙara buɗewa, sannan a rufe ta da yaɓe. Lado ya duba lissafin bai ga aibu ba, amma zuciyarsa ta ƙi, don tsohon bai taɓa haɗa ƙarfe da ƙasa ba. Na biyu, su biyun suka ce maimakon makuba, shafen gargajiya na ɓawon ɗorawa da ake shan wahalar sabuntawa, za su malala siminti a saman rufin, a huta gaba ɗaya.

Wannan kam Lado ya san ƙarshensa. Ya sha ganin soraye a birnin nan da siminti ya kashe. Ga nauyi, ga shi rana na dukansa zai tsattsage, ruwa ya sami hanyar shiga ya rasa ta fita, azara ta yi ta ruɓewa a ɓoye, sama tana sheƙi, har ranar da rufin zai zauna ba sallama. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna Bala, ya haɗiye ta.

“Kun tabbata?” abin da ya iya cewa ke nan.

“Mun tabbata, Oga.”

“To, ku kuka san aikinku.”

Aka fara aiki. Kullum da hantsi Lado yakan shigo birni ya duba aiki, ya gaida Gwaggo, ta dama masa fura, ya sha ya koma zaure ya jingina da bango. Zafin bazara ne irin wanda ko kaji ba sa motsi. Idan aka kira azahar ma'aikata suka fita, gidan yakan yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya daga bayan katanga. Yakan ɗan runtsa, ya farka a firgice ya tarar har an kusa tayar da salla.

Wata rana bayan la'asar ya leƙa soron. Ƙanshin ɗanyar ƙasa ya cika ɗakin, hasken taga ya sauka a kan sabon yaɓe. A gefen tagar, daidai kafaɗar mutum, ya ga ɗan rami. Ya matsa. Babban yatsa ne, na hagu, an danna shi sosai har ƙasar ta ɗago a gefe.

Tsigar jikinsa ta tashi. Ya tsaya ya kasa gaba ya kasa baya, kamar yaron da ya dawo daga masallaci shekarun baya. Ya duba ko zai ga layin nan na tsakiya, bai gani ba, amma ya ce wa kansa yaɓe mai ciyawa ba komai yake nunawa ba. Ya fito tsakar gida.

Gwaggo tana kan tabarma tana jan carbi. Ba ta ko ɗago ba ta ce, “Yaya ya zo ɗazu.”

“Haba Gwaggo. Wanda ya mutu ai ya mutu, sai addu'a.”

“Allah ya ji ƙansa. Ni dai na ji gyaran muryar, na ji takun. Ya shiga ya zaga ya fito. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan.”

Lado mutum ne mai salla, ya san matattu ba sa dawowa duba gini. Ya kuma san abin da mutanen birni ke faɗa game da tsofaffin gidaje da tsakar rana, abin da ɗan boko ke yi wa dariya a ofis amma ba ya yi masa dariya a cikin soro shi kaɗai. Bai gaya wa kowa ba. Ya ƙara yawan addu'a, ya daina shiga ɗakin sai da mutane. Amma yatsan bai daina ba. Yau a bakin ƙofa, gobe a gindin baka, jibi a kusurwa. Abin da ya ƙara ɗaga masa hankali shi ne duk inda yatsan ya sauka, wuri ne da shi ma ya kalla da safe ya ji bai kwanta masa ba.

Su Umaima kuwa suka canza. Dariyar da suke yi a wurin aiki ta ɗauke. Yakan tarar Haisam ya sa an ɓamɓare yaɓen jiya ana sabo, ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai tambaya ba, don yana tsoron amsar. Idan ya shigo sai su sunkuyar da kai su gaishe shi a ladabce, irin ladabin da ya sani sarai, wanda shi da Bala suka yi wa tsohon. A gida matarsa Tayyiba ta yi mita wai ita ta gaji da kakkaɓe jar ƙasa daga aljihun rigunansa. Ya ce mata mai aikin gini ai ba ya rabuwa da ƙasa.

Aiki ya ƙi gaba, kwanaki suna tafiya. Hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma yana watsewa, iska tana kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani gari. Gwaggo ta sa aka ɗaure mata kayanta a ƙunshi, ta ajiye a bakin ƙofa.

Rannan da hantsi Lado ya shigo ya yi tuntuɓe da ƙarafa a tsakar gida. Ɗamarar Umaima ce, an kwance ta an jibge, ga buhunan siminti an jera a gefe ana jiran a hau da su. Ya shiga soron da sauri. Tsagar da ɗamarar ta riƙe ta sake buɗewa, har ana hango zaren haske ta cikinta. Nan ya manta da alkawari.

“Wa ya cire wannan?” ya daka tsawa. Leburori suka tsaya cak, don ba su taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

Umaima ta fito tana goge hannu da gefen mayafinta. “Ni ce, Oga.”

“A kan me? Lissafinki ne, na duba shi, daidai yake!”

“Ai kai ka ce a cire.”

“Ni? Yaushe na buɗe baki?”

Ta dubi Haisam, Haisam ya dubi ƙasa. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta karye ba. “Ba ka buɗe baki ba, Oga. Yatsa ka sa, har wuri uku a kan yaɓen ɗamarar. Tun farkon aikin nan Haisam ya dawo ɗaukar wayarsa ya gan ka a ciki. Ya gaishe ka ba ka amsa ba, ka wuce shi kana gyaran murya. Tsofaffin leburori suka ce mana haka ake magana a gidan nan, kuma ba a tambaya. Mun yi ta rushewa ba mu san laifinmu ba. Ni wallahi na riga na yanke, ana gama soron nan zan bar aikin. Gara a zage ni na san abin da na yi.”

Lado ya ji kamar ƙasa ta juya da shi. A hankali ya zaro hannun hagu daga aljihu ya duba. Ƙarƙashin farcen babban yatsan cike yake da jar ƙasa, ta bushe ta yi ɓawo. Ya yi ta kallon hannun kamar na wani ne aka jona masa. Ya nemi ko ɗigon tunawa bai samu ba, iyakarsa furar Gwaggo, da bangon zaure, da gyangyaɗi.

Ya juya wajen tsohuwar. “Gwaggo, kin ce Baba ne.”

“Na ce Yaya ya zo,” ta amsa tana jan carbinta. “Ban ce maka da jikin wa ya zo ba.”

Kunya da tsoro suka haɗu suka danne Lado, har sai da ya zauna a kan buhun siminti. Ga shi shekara da shekaru yana gudun hannun tsohon, ashe a aljihunsa yake ɗauke da shi. Kuma hannun bai ma yi aikin kirki ba: ya tumɓuke abin da zai riƙe soron, ya bar abin da zai kashe tsohuwa, don shi siminti bai riga ya zama ɗanyen yaɓen da za a danna ba.

Da ya sami kansa sai ya ce su biyo shi. Ya bi da su lungu zuwa wani kango da ke bayan unguwa, inda wani soro ya zauna shekarun baya. Ya ɗaga ɓawon siminti, ya ciro guntun azara daga ƙarƙashi ya miƙa wa Umaima. Ta matsa shi da yatsu biyu ya dagargaje kamar gurasa.

“Siminti ba zai hau soron Gwaggo ba,” ya ce. “Wannan ba shawara ba ce, umarni ne, kuma ga dalilina a hannunki. Tun ranar farko ya kamata in faɗa, tsoro ya hana ni. Ɗamara kuwa, gaskiya raina bai so ta ba, amma na laluba ban sami hujja ba sai cewa Baba bai yi ba, wannan kuwa ba hujja ba ce. Ki mayar da abinki. Sauran wuraren da na danna, ku manta da su, in ina da magana zan faɗa da baki, ku kuma ku musa mini.”

Umaima kuwa ba ta ɓata lokaci ba wajen musawa. Ta ce in dai makuba za a yi, indararon tsohon ya yi ƙanƙanta, sai an faɗaɗa shi an ƙara wani ta arewa. Suka yi ta ja a tsaye cikin rana, ya kawo nasa ta kawo nata, daga ƙarshe ya ga ta fi shi gaskiya ya sakar mata. Haisam ya ce tun da ya fara aiki da Oga bai taɓa jin daɗin yini irin na ranar ba.

Aka mayar da ɗamara, aka shafe rufin da makuba, ana yi ana kallon gabas. Ranar da aka yi yaɓen ƙarshe a kan ƙarfen, can sama a wuyan bango, Haisam ya sa aka kwance katakan hawa aka fitar da tsani kafin azahar, don a share ɗakin. Ma'aikata suka fita. Lado ya ƙi fura, ya ƙi zaure. Ya zo ya zauna a bakin tabarmar Gwaggo ya miƙa mata hannun hagu.

“Riƙe mini, Gwaggo. Ko na yi barci kada ki saki.”

Ta kama da hannu biyu ta ɗora a cinyarta. “Uwarka ma ta ɗaure shi,” ta ce, “ga shi nan dai.”

Rana ta take. Gidan ya yi tsit, har kurciyar ta yi shiru. Lado bai runtsa ba, idonsa yana kan ƙofar soron, wanda ba shi da wata mashiga sai ita. Ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita. Can sai ya ji yatsun tsohuwar sun ƙara matse hannunsa, ta karkata kai gefe kamar mai sauraro. Shi zai iya rantsuwa bai ji komai ba. Amma gashin wuyansa ya miƙe, kuma bai yarda ya tambaye ta ba.

Da su Umaima suka dawo, tare suka shiga. Haisam ne ya fara gani, ya ce, “Innalillahi,” ya ja da baya. Can sama, a kan yaɓen da ya rufe ɗamarar, inda ko dogon mutum ba zai kai ba sai da tsani, akwai tafin hannu na hagu, cikakke, yatsu biyar a ware. Hasken taga ya sauka a kansa sosai. A tsakiyar babban yatsan ga layi nan ya fito tar.

Lado ya daɗe yana kallo. Tun yana yaro yake jiran wannan shaidar, ga ta ta zo, ba a kan aikinsa ba, a kan ƙarfen da zuciyarsa ta ƙi. Ya ji kishi ya soke shi, ba zai ɓoye wa kansa ba, sannan wani sanyi ya biyo baya, hawaye suka zubo masa a gaban yaransa.

“Oga,” Umaima ta ce da raɗa, “wannan kuma me yake nufi? A rushe?”

Ya share fuska ya juyo ya dube ta. “A'a. Aikinki ya yi, Umaima. Ya yi ƙwarai. Ni nake gaya miki, ba bango ba.”

Kafin magariba hadari ya haɗo, wannan karon bai watse ba. Gwaggo ta ɗauki ƙunshinta da kanta ta shiga soronta, ta shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin hannun, aka kwana ana ruwa ko ɗigo bai sauka a kanta ba. Ba ta yarda an shafe shaidar ba, tana nan har yanzu ga mai ƙarfin halin ɗaga kai.

Umaima ba ta bar aikin ba. Injiniya Lado kuwa yanzu yana magana, wani lokaci har ya yi yawa, yaransa kuma suna musa masa son ransu. Amma hannun hagu yana nan a aljihu, kuma duk ranar da wani aiki bai kwanta masa ba, yakan faɗa tun da hantsi, ba ya bari azahar ta same shi da magana a ciki.